Wuƙar aljihu mai naɗewa: ta isa farauta, ko sai mai kube?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a wajen manya. Na fara bin yayyena shiga daji, farautar ƙananan dabbobi da kwanan waje, kuma na gaji da aron wuƙa. Raina ya fi kwanciya da irin na da ɗin nan masu naɗewa, masu ƙotar itace ko ƙashi, ba na yanzu masu baƙin fenti da maɓalli ba. To amma mai naɗewa za ta iya fiɗa da gyaran nama kuwa? In za ta iya, wacce zan nema, mai makulli ko mara makulli?

Baba Maharbi:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka ɗauki mai naɗewa ka duba ta da kyau. Ƙarfe biyu ne aka haɗa da ƙusa ɗaya. Duk ƙarfin da hannunka zai sa, a kan ƙusar nan yake sauka. Mai kube kuwa ƙarfe ɗaya ne daga tsini har cikin ƙota, babu inda za ta lanƙwashe maka a kan yatsa. In farauta kake nufi da gaske, ka rataya mai kube a ƙugu. Ta aljihu a bar ta da yanke igiya da feƙe tsinke.

Injiniya:
Baba, ranka ya daɗe, maganarka gaskiya ce a da, amma an daɗe da warware ta. Abin da ya sa kamfanin Buck na Amurka ya fito da samfurin 110 a shekarar 1964 ke nan: maharba suna son ƙarfin mai kube ba tare da dogon abu yana lilo a ƙugu ba. Tsawon ruwan wuƙar inci 3 da kwata uku, wajen santimita 9 da rabi. A bayanta akwai sandar ƙarfe mai ƙugiya, da ka buɗe sai ƙugiyar ta faɗa cikin wani gurbi a gindin ruwan, ba za ta rufe ba sai ka danna can ƙarshen ƙota. Tagulla gaba da baya, baƙin itace dangin kanya a tsakiya. Wuƙaƙe kaɗan ne a duniya aka kwaikwaya kamar ta. Ɗan Koyo, ita za ka nema, ka huta.

Mai Tarko:
Injiniya, ka faɗi tsawo, ka ɓoye nauyi. Wuƙar nan ta ɗan haura giram 200. Shi ya sa ake sayar da ita da jakar fata ta ɗamara, don aljihu ba ya ɗaukarta. To in dai sai na rataya ta a ƙugu, me ya raba ni da shawarar Baba?

Baba Maharbi:
Allah ya yi maka albarka.

Mai Tarko:
Kada ka yi saurin sa min albarka, Baba, kai ma ban bi ka ba. Ni wuƙata ba ta da makulli ko kaɗan, sifirin ne kawai, wato ɗan ƙarfe mai danni a bayanta, yake riƙe ta a buɗe. Irin wadda Amurkawa ke kira Trapper, ta kamfanin Case, wanda yake aiki tun 1889. Ruwa biyu gare ta, duk daga gefe ɗaya suke buɗewa. Ɗaya mai tsini, na huda fata da shiga lungu. Ɗayan kansa a dunƙule yake, asalinsa na fiɗiyar dabbobi ne, masu tarko suka ga ya fi komai daɗin fiɗa, domin kana turawa tsakanin fata da nama ba ya huda fatar, ba ya fasa tumbi. Zomo, gada, tsuntsu, duk da ita nake gamawa. Kuma ruwa biyu na nufin in ɗaya ya dakushe a tsakiyar aiki, sai ka naɗe shi ka buɗe ɗan'uwansa.

Ɗan Koyo:
Yaya Mai Tarko, abin da nake tsoro ke nan. Ba ta taɓa rufewa a kan yatsunka ba?

Mai Tarko:
Ƙanena, ka yi tunanin ta ina ƙarfi ke zuwa. In kana yanka, abin da kake yankawa yana tura kaifin sama, wato yana ƙara buɗe wuƙar ne, ba rufe ta ba. Abu uku ke rufe ta: ka soka tsini cikin abu mai tauri ka danna, ko ta maƙale a itace ka fizgo ta baya, ko ka ɗora babban yatsa a bayan ruwan can gaba ka matsa. Wanda ya bar ukun nan zai tsufa da yatsunsa goma. Kuma masu kyau suna da tsayawar rabin hanya: in ta fara rufewa sai ta cije a tsakiya kafin ta ƙarasa.

Abin da ba na so da makulli shi ne yana koya wa mutum ganganci. Ka ga yaro ya samu mai makulli, sai ya fara ɓanɓare murfin gwangwani da ita, yana dukan bayanta da gungume zai tsaga itace. Ranar da ƙugiyar ta zame, hannunsa yana daidai inda bai kamata ba.

Injiniya:
Wannan laifin yaron ne, ba na makulli ba. Kuma kai kana magana ne da rana tsaka, hannu a bushe. Ka sa mutum ya gaji, magariba ta yi, hannu duk jini da kitse, yana laluben cikin dabba inda ido ba ya gani. A nan ne bayan wuƙa ke bugun haƙarƙari ba da niyya ba. Makulli don wannan lokacin aka yi shi.

Malam Maƙeri:
Ku ba ni wuri in sa baki, domin duk kuna ta zagaye mahaɗa, ba wanda ya taɓo ƙarfen da ke yin yankan.

Injiniya, makullin da kake yabo yana da abokin gaba, kuma ka ambace shi da bakinka: kitse. Gurbin da ƙugiya ke faɗawa ɗan ƙarami ne. Kitse ya daskare a ciki, ya haɗu da gashi da zaren aljihu da yashi, sai ƙugiyar ta zauna rabi. Za ka ji ƙarar "ƙas" ka ɗauka ta kulle, alhali a bakin gurbi take. Wannan ta fi mara makulli haɗari, don mai mara makulli ya san bai kulle ba. Duk mai irin wannan wuƙa, bayan kowace fiɗa ya wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ya bi gurbin da tsohon buroshin haƙori da tsinke, ya busar, ya ɗiga mai ɗigo ɗaya. Kuma man ya zama wanda ba ya cutar da ciki, ba baƙin man inji ba, tunda wuƙar nama za ta taɓa.

Sai maganar kauri. Mutane suna ɗaukar wuƙa su ji ta da nauyi su ce wannan ita ce wuƙa. Alhali abin da ke yanka shi ne sirantar ƙarfe a bayan kaifi. Mai kauri ko ka wasa ta tana aske gashi, da ta nutse cikin nama sai ta fara turewa gefe da gefe, kana ƙara ƙarfi, kuma ƙara ƙarfi shi ne mafarin yanke hannu. Siririya tana wucewa da kanta. Shi ya sa in aka tambaye ni wuƙar mai koyo, ta kamfanin Opinel nake cewa.

Maman Hanan:
Malam, ka riga ni. Ni ba na farauta, hawan duwatsu da kwanan tanti nake yi, kuma Opinel lamba 8 ce a jakata (da lamba suke bambanta girmansu). Ruwanta santimita 8 da rabi, nauyinta bai kai giram 50 ba, har mantawa nake tana ciki. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a yankin Savoie na Faransa a 1890, kuma shekaru da yawa ba ta da sifirin ba ta da makulli, matsewar itace ce kawai ke riƙe ta. Sai a 1955 ɗansa Marcel ya ƙara zoben nan na wuya da ake murɗawa a kulle ta. Daga baya aka gyara zoben yadda zai kulle ta ko a rufe take, don kada ta buɗe a aljihu. Abin da ya burge ni da zoben, da ido kake ganin ya kulle ko bai kulle ba, babu wani abu a ɓoye.

Amma a gaya wa Ɗan Koyo aibinta. Ƙotar itace ce zalla, in ta sha danshi sai ta kumbura ta cije ruwan wuƙar, ka yi ta fama da farce ba ta buɗuwa. Dabarar masu ita shi ne ka riƙe ta ta wajen zobe, ka buga ƙarshen ƙotar a kan abu mai tauri, sai tsinin ya leƙo.

Malam Maƙeri:
Haka ne, Hajiya. Maganinsa tun tana sabuwa: a bar ta ta bushe sarai a wuri mai ɗumi, sannan a shayar da wuyan da mai ko narkakken kakin zuma har itacen ya ƙoshi. Itacen da ya sha mai ba ya da wurin shan ruwa. Ba ya hanawa gaba ɗaya, amma yana ragewa ƙwarai.

Baba Maharbi:
To kun ji. Ɗaya kitse ya toshe ta, ɗaya danshi ya kumbura ta, ɗaya ta rufe a yatsa. Tawa in na gama in goge a ciyawa, in ɗauraye, in mayar kube. Ban da buroshi, ban da kakin zuma.

Mai Tarko:
Baba, tsakaninka da Allah, yanzu haka me ke cikin aljihunka?

Baba Maharbi:
'Yar wuƙar Okapi mai naɗewa. Amma wannan ba ta farauta ba ce, ta zaman gida ce.

Injiniya:
Hahaha! Asiri ya tonu. Kuma Okapi ma ai makulli gare ta, Baba, zoben nan da ake ja a baya ya ɗaga sifirin. A Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902 don kasuwannin Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Tsarin nata ɗan'uwan na wuƙar navaja ne ta Sifaniya, mai haƙoran nan da ke ƙara in ana buɗewa. Wato Baba ya fi mu sanin daɗin makulli, yana dai ja mana rai ne.

Baba Maharbi:
Ban ce ba ta da amfani ba, ɗana. Abin da na ce, kowace da aikinta. Ka samu babbar dabba da rauni tana shure-shure, kana bukatar ka gama da ita nan take kada ta wahala. A nan ba ka da hannu biyu na buɗe wuƙa da farce, kuma ɗan ruwa mai santimita 8 ba zai yi maka yanka ɗaya mai tsabta a wuya mai kauri ba. Azabtar da dabba za ka yi. Wannan ba na sassautawa a kansa.

Mai Tarko:
A wannan kam na bi ka. Ga babbar dabba, mai kube. Amma yaron nan ƙananan dabbobi ya ce.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Malam Maƙeri, na ga Opinel ɗin ma iri biyu ce, wata an ce tana tsatsa, wata ba ta yi. Me zai sa mutum ya sayi mai tsatsa da kuɗinsa?

Malam Maƙeri:
Tambaya mai kyau. Ƙarfen wuƙa na asali baƙin ƙarfe ne da ɗan kabon a ciki, ƙasa da kashi 1 cikin 100 kaɗan a ƙarafa irin su XC90 na Opinel ko 1095 da Amurkawa ke so. Kabon ɗin ne ke sa ya yi tauri in aka gasa shi aka tsoma. Wanda ba ya tsatsa kuwa an zuba masa kuromiyam, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100, shi ke yin wata siririyar riga a saman ƙarfen da ke hana iska da ruwa cin sa. Harry Brearley ne ya yi suna da gano shi a Shefild ta Ingila a 1913. Na farkon-farko ba su riƙe kaifi da kyau, daga nan tsofaffi suka raina shi, rainin ya bi jikoki. Amma na yau, irin 12C27 na Suwidin da ke cikin Opinel ko 420HC da ke cikin Buck, in an gasa su daidai ba abin rainawa ba ne.

To me ya sa har yanzu nake riƙe mai kabon? Wasawa. Ka same shi da kowane dutse mai laushi, shafa kaɗan ya dawo. Kuma yana gaya maka halin da yake ciki. Da ya taɓa jini ko 'ya'yan itace masu tsami sai ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Wannan ba tsatsa ba ce, kada ka kankare, kariya ce. Ja mai gari-gari ita ce tsatsa, ita ake cirewa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ka naɗe shi a jiƙe. In ka san kai mai jefa wuƙa a jaka ne ka manta sai wani fita, ko wurin da kake yawo mai yawan ruwa ne, sayi mara tsatsa, ba abin kunya ba ne.

Wasawar kuma kada a tsorata ka da lissafi. Ka karkata wuƙar a kan dutse wajen digiri 20 kowane gefe. Ka shafa wa bakin wuƙar tawadar alƙalamin maka (marker), ka goga a dutse sau biyu ka duba: in tawadar ta goge daidai bakin, hannunka ya zauna daidai. Ka ci gaba a gefe ɗaya har ka ji wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, daga gindi har tsini, sannan ka juya. Ƙarshe ka ja ta baya-baya a kan fata don siririn nan ya fita. Yawancin masu cewa wuƙarsu ba ta riƙe kaifi, wannan siririn suka bari, shi ke yi musu kaifin ƙarya na minti biyar.

Mai Tarko:
In ƙara a kan na Malam. Abin da ke kashe kaifi a wajen fiɗa ba nama ba ne, gashi ne da ƙasar da ke cikinsa, sai ƙashi. Don haka ka ɗan tsaga fata, ka juya kaifi sama, ka sa yatsu biyu a ƙarƙashi suna ɗaga fatar suna ture hanji, ka yanko daga ciki zuwa waje. A gaɓa kuma kada ka sari ƙashi. Lanƙwasa ta har jijiya ta miƙe, ka taɓa jijiyar da kaifi, gaɓar za ta rabu da kanta. Mai yin haka ko da ƙaramar wuƙa zai gama, kuma babu inda ya matsa wa ƙusar da Baba ke tsoro.

Maman Hanan:
Wata 'yar tambaya a gefe. An ba ni kyautar wuƙar Laguiole, mai ɗan ƙudan zuma a wuya. Kyakkyawa ce, amma bakinta kullum akwai wani wuri ɗaya da ke dakushewa ko ban yi aiki da ita ba. Jabu ce?

Injiniya:
Laguiole sunan ƙauye ne a yankin Aveyron na Faransa, ba sunan kamfani ɗaya ba, shi ya sa za ki ga wadda aka yi a can, da ta garin Thiers, da ta Pakistan, da ta Sin, duk da suna ɗaya. Ki duba sunan maƙerin a jikin ƙarfen, shi ne abin dubawa, ba ƙudan zuman ba.

Malam Maƙeri:
Dakushewar kuma wataƙila daga rufewa ne, Hajiya. A tsohon tsarinta, in kika sake ta ta rufe da ƙarfi, bakin yana bugun sifirin na ciki. Rako ta za ki yi da hannu har ta kwanta. In kin leƙa cikin ƙotar da fitila za ki ga ɗan tabo mai ƙyalli daidai inda take bugawa. Wasu sukan manna ɗan guntun fata a wurin.

Maman Hanan:
Na leƙa, ga tabon nan kuwa. Na gode, Malam.

Shugaban Zaure:
Muhawara ta yi daɗi, amma a tuna da doka, musamman masu tafiye-tafiye. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya riƙe mai naɗewa ba tare da wani dalili ba in kaifinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa. Da ta zama mai makulli, ko zoben Opinel ne, sai ka kawo dalili mai ƙarfi. A Jamus kuma daga cikin abin da suka hana yawo da shi akwai wadda ke buɗuwa da hannu ɗaya kuma ta kulle. Kowa ya binciki ta inda yake. Kuma jirgin sama, a sa ta a babbar jaka da ake aunawa, ba ta hannu ba.

Mai Tarko:
Kun ga inda mara makulli ta yi rana.

Injiniya:
Taka ma ba ta tsira ba. Ruwan Trapper babba ya ɗan haura inci 3, je ka auna.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya: zan fara da Opinel lamba 8 mai kabon, don in koyi wasawa a kan ƙarfen da ba zai wahalar da ni ba, in kuma shayar da wuyan da mai kamar yadda Malam ya ce. Babbar dabba kuwa ba ni ke yankawa ba tukuna, yayyena suna da masu kube.

Baba Maharbi:
Ka ɗauki lamba 9, hannunka zai fi cika. Kuma kafin ka kai ta daji, ka yi mako kana feƙe itace da ita a zaune, gwiwar hannu a kan gwiwa, kaifi yana fita waje da jikinka.

Injiniya:
Ni dai ina nan a kan bakana. Damina ɗaya za ta yi masa, ƙotar ta cije, ya dawo yana tambayar Buck.

Malam Maƙeri:
In ta cije ya turo hotonta, akwai inda ake ɗan gogewa a cikin tsagar da takardar yashi. Ɗan Koyo, wane irin dutsen wasawa gare ka? In mai gefe biyu ne, na ruwa ne ko na mai? Kada ka haɗa masa biyun.